Fashin Baƙi: Sayen Mashin Na Hannu Don Zuwa Aiki a Katsina, Riba Ce Ko Jidali?

Tambayar da ke bakin ma'aikata a Katsina tun bayan cire tallafin mai ita ce: wanda albashinsa bai kai ya sayi sabon mashin ba, shin ya fi masa ya nemi na hannu ya riƙa zuwa aiki da shi, ko ya ci gaba da biyan Keke Napep da kabu-kabu kullum? Ana wannan muhawara a sakatariya, ana yin ta a ɗakin malamai, ana yin ta a majalisar unguwa bayan Isha'i. Wasu na cewa mashin na hannu shi ne rufin asirin ma'aikaci a wannan zamani. Wasu na cewa wanda ya sayi na hannu matsalar wani ya saya da kuɗinsa. Kowane ɓangare kuma yana da mutumin da zai nuna maka a matsayin hujja.

Abin da ke rikita maganar shi ne yawancin masu yin ta abu biyu kawai suke dubawa: nawa aka yi ciniki, kuma nawa mashin ɗin ke shan mai. Alhali ba su ne ke raba wanda ya dace da wanda ya yi asara ba. Abin da ke raba su shi ne takardun mashin, da halin da cikin injinsa yake, da ko ana samun kayan gyaransa a garin nan, da irin hanyar da zai riƙa bi kowace safiya.

Me ya sa kasuwar na hannu ta yi zafi?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai. Kuɗin hawa ya bi sahu. Wannan kowa ya ji a jikinsa. Abin da ba a cika haɗawa da shi ba shi ne faɗuwar naira. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mashinan da muke hawa kuwa, Bajaj da TVS na Indiya ne, Jincheng da Lifan da Haojue na Chaina ne, kuma ko a nan aka harhaɗa su, da dala aka shigo da kayan. Shi ya sa sabon Boxer a kwali ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ƙaramin ma'aikaci ko bai ci bai sha ba, albashin shekara guda cur ba zai saya masa sabo ba.

Daga nan sai masu nema suka ƙaru. Mai mota ya ajiye motarsa a gida ya dawo neman mashin, mai hawa Keke ma ya shigo layi. A ɗaya gefen kuma, wanda ke da mashin mai lafiya ya daina saurin rabuwa da shi, domin ya san in ya sayar ba zai iya mayar da irinsa ba. Sakamakon haka shi ne mai kyau ya yi ƙaranci, wanda ya gaji kuma ya samu daraja. Mashin ɗin da a da za a kai wa 'yan gwangwan, yanzu ana wanke shi, a sa masa sababbin robobi da sabuwar rigar kujera, a kafa shi a rumfar dillali. Wannan ne ainihin haɗarin da mai saye ke fuskanta a yau.

Ba iri ɗaya ba ne

Mutum zai ce “mashin zan saya,” kamar duk abu guda ne. A gaskiya iri uku ne suka fi yawa a hannun masu zuwa aiki.

Na farko shi ne roba-roba, irin su Lifan da Jincheng da Haojue masu injin 110cc. Giya huɗu ce da ƙafa, babu kuloci a hannu, sarƙa ce ke juya tayar baya, tayoyin kuma manya ne, inci 17. Tankinsa ƙarami ne, lita uku da rabi zuwa huɗu. In injin na da lafiya, lita ɗaya takan kai shi kilomita 40 zuwa 50 a cikin gari. Kayan gyaransa kuwa babu unguwar da za ka rasa.

Na biyu shi ne sikuta mai bel, wadda ba a sa mata giya, totur kawai za ka murɗa ta tafi. Ita ce mafi daɗin hawa: wurin ajiye ƙafa faffaɗa ne, babbar riga ba ta kusantar sarƙa, akwai ma'ajiya a ƙarƙashin kujera da za ta ci takardu da hular kwano. Amma tayoyinta ƙanana ne, inci 10 ko 12, kuma ƙaramar taya ba ta shiri da rairayi da ramuka. Wanda gidansa ke cikin lungunan da ba kwalta zai gane haka a makon farko. Ta fi roba-roba shan mai, galibi kilomita 30 zuwa 40 a lita. Ƙurar hunturu tana shiga akwatin bel ta cinye shi da rololin da ke ciki, ruwan damina in ya shiga kuma bel ɗin ya riƙa santsi. In bel ya tsinke a hanya babu dabara sai turawa, kuma ba kowane bakanike ne ya iya buɗe wurin ba. Ba a kuma tayar da ita da turi: batir ya mutu, kik ya ƙi, shi ke nan. Masu shigowa daga waje a matsayin tokunbo sun fi wahalar da mutum, domin wani ƙaramin abu zai lalace a ce sai an aika Kano, wani lokaci a can ma a rasa.

Na uku shi ne dangin Boxer, mai kuloci a hannu da tanki kusan lita 11. Shi ne mafi juriya, mafi ƙarancin shan mai, kuma shi ya fi dacewa da wanda ke tasowa daga Rimi ko Kaita ko ƙauyukan Batagarawa. Aibinsa biyu ne. Yawancin na hannun da ke kasuwa kabu-kabu aka yi da su, kuma shi ne ɓarawo ya fi samun saurin sayarwa.

Akwai kuma tsofaffin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin su Vespa da Jincheng AX100. Suna da araha, amma sun fi sauran shan mai, kuma ba su ne abin da mai lissafin albashi ya kamata ya nema ba.

Ga wanda gidansa da wurin aikinsa duk a cikin birnin Katsina suke, ko cikin garin Daura, tafiyar da ba ta wuce kilomita 15 ba, roba-roba ya fi dacewa. Ba don ya fi kyan gani ba, sai don ranar da ya tsaya maka a Ƙofar Ƙwaya da ƙarfe bakwai da rabi na safe, akwai bakanike kusa wanda ya san shi ciki da bai, kuma abin da ya lalace yana rataye a shagon da ke gefensa. Sikuta mai bel ta dace da wanda hanyarsa kwalta ce tun daga ƙofar gida, wanda kuma ya riga ya tabbatar akwai mai sayar da bel da rola na wannan samfurin kafin ya biya kuɗi.

Lissafin da ake tsallakewa

Mu ɗauki misali kawai, kowa ya sa nasa alƙaluman. A ce mutum yana zaune wajen Ƙofar Sauri, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-Ma, mu ƙaddara kilomita 10 zuwa, 10 dawowa. A kwana 22 na aiki kilomita 440 ke nan. Amma wanda ya mallaki mashin ba aiki kaɗai yake zuwa da shi ba: akwai kai yara makaranta, akwai cefane, akwai gaisuwa da jana'iza. A sa 600 a wata. A kilomita 40 kowace lita, lita 15 ke nan. In an ƙaddara lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 15,000. Wanda yake kashe naira 1,500 a rana wajen hawa biyu zuwa, biyu dawowa, yana kashe 33,000 a wata. A nan mutane ke tsayawa su ce riba 18,000.

Ba a gama ba. Waɗannan injinan ba su cin baƙin mai da yawa, lita ɗaya ma ba ta cika shiga duka, amma suna son juye kowane kilomita 1,000 zuwa 1,500, wato kusan duk wata biyu a wannan misali. Akwai faci, akwai filogi, akwai takalmin birki, akwai wayar totur da ta birki. Sarƙa da faifan haƙoranta da tayoyi suna da lokacinsu, kuma in ya zo tare suke neman kuɗi. Akwai sabunta takardu duk shekara. In aka raba duk wannan a kan wata goma sha biyu, wani kaso mai kauri na waccan ribar ya tafi. Abin da ya rage shi ne zai biya kuɗin da aka sayi mashin ɗin, sannu a hankali.

Duk da haka lissafin yana fita, matuƙar injin lafiyayye ne. Ban da kuɗi ma akwai lokaci: ba tsayuwar bakin titi, ba jiran Keke ta cika. Inda lissafin ke rushewa shi ne a sayi mashin a wata na farko, a wata na biyu a sauke inji. Gyaran inji ɗaya na iya haɗiye ribar wata da watanni, in kuma bashi ko adashi aka ɗauka aka saya, ga biya ga gyara ga kuɗin Keke a kwanakin da mashin ke gareji. Don haka duk abin da ka tanada, kada ka kai shi duka wurin ciniki. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don gyaran farko da takardu.

Takardu kafin komai

A wasu wuraren mashin marar takarda ƙaramar matsala ce. A Jihar Katsina ba haka ba ne, domin mashin shi ne abin hawan 'yan bindiga, kuma jami'an tsaro da wannan idon suke kallonsa. Mu tuna dokar tsaron da gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa wa hannu, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Agusta, 2021. A cikinta aka hana goyon mutum uku a mashin, aka kuma hana sayar da mashinan hannu a kasuwar Charanchi. Tun da har gwamnati ta ambaci kasuwar mashinan hannu da suna a cikin dokar tsaro, ka san yadda hukuma ke ɗaukar wannan ciniki. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma “wallahi saye na yi” ba ta fitar da mutum in ba shi da abin nunawa. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a karɓe mashin ɗin, kuɗinka ya bi ruwa.

Kowane mashin yana da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfe. Lambar inji tana gefen injin daga ƙasa, galibi ɓangaren hagu kusa da giya. Lambar bodi tana wuyan firam ko a ƙarƙashin kujera, a roba-roba da sikuta sau da yawa sai an cire wata roba kafin a gan ta. Ka goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka haska fitilar waya, ka karanta harafi bayan harafi kana gwadawa da abin da ke rubuce a rasit ɗin asali na kamfani ko dilan da ya sayar da shi sabo. Ka shafa wurin da yatsa. In ka ji ya lotsa kamar an goge da abin gurza ƙarfe, ko lambobin ba su jeru daidai ba, ko girmansu ya bambanta, ko an fesa sabon fenti a wurin kaɗai, ka bar mashin ɗin komai arharsa. In lambar inji ta saɓa da ta rasit aka ce maka “an canza inji ne,” to a kawo rasit ɗin injin da aka sa.

In mashin ɗin na da lambar rajista, a haɗa maka da takardun rajista, sunan da ke jiki kuma ya zama na mai sayarwa. In ba nasa ba ne, a nuna maka takardar cinikin da ta kawo shi hannunsa. Wanda aka shigo da shi ta iyakar Jibiya ko ta Kongolam, abin da ya fi shafar mutanen Daura da Mai'aduwa, a nemi takardar kwastam. “Takardun sun ɓata” magana ce da kan iya zama gaskiya, amma mai gaskiya ba zai ƙi bin ka ofishin 'yan sanda da kotu a yi takardar rantsuwa da sunansa ba. Wanda ya fara kame-kame a nan, ya ba ka amsa.

Sannan a rubuta takardar ciniki: sunan mai sayarwa da adireshinsa da lambar wayarsa, kwafin katinsa na ɗan ƙasa, samfurin mashin da launinsa, lambobin nan biyu, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da shaidu biyu waɗanda za a iya nemo su. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, kada ka tura wa dillali ko “ƙanensa.” Bayan haka ka je ofishin hukumar tara haraji ta jiha a mayar da mallaka da sunanka. Inshorar da doka ta wajabta ba ta da tsada: a farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade daga Janairun 2023, ta mashin naira 3,000 ce a shekara. Lasisin tuƙin mashin shi ne rukunin A. Da waɗannan a aljihu, tsayawar 'yan KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ko jami'an kiyaye haɗura ba za ta sa ka makara aiki ba.

Yadda ake sauraron inji

Ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, kuma wanda ba abokin dillalin ba ne. Ku je da safe, ka roƙa kada a tayar da mashin kafin ku iso. Da zuwa ka ɗora bayan hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi, kuma injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi da wasu ƙararraki. Ka ce za ka dawo gobe.

Kafin a kunna, ka taka kik a hankali. Lafiyayyen inji yana turjewa, za ka ji ƙafarka ta ci karo da ƙarfi. In kik ya sauka salalam, ring da fistin sun gaji ko bawul ba ya rufewa. Ka zaro sandar gejin baƙin mai ka murza man tsakanin yatsu biyu. Baƙi ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe, ko man ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, ko kuma ya yi kauri yana danƙo fiye da kima. Wannan na ƙarshe tsohuwar dabara ce: ana zuba mai mai kauri don ya danne ƙarar inji da hayaƙi na kwana biyu.

Sai a tayar. Ya kamata ya tashi a bugu ɗaya zuwa uku, ya kuma tsaya a silo ba tare da an riƙe totur ba. Ka koma bayan salansa a murɗa totur a saki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen mai yana nufin injin na shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi matsalar kafireta ce ko matatar iska ta toshe, wannan mai sauƙi ne. A tsofaffin da ake haɗa wa mai kuwa hayaƙi ɗabi'arsu ce, ba a yi musu wannan hukunci. Ka zura yatsa a bakin salansa bayan ta huce: busasshen baƙi ba komai, mai maiƙo shi ne matsala. A kwance filogi ma a gani. Kansa ya zama ruwan ƙasa a bushe.

Ƙara iri-iri ce. Ƙaramar “tik-tik” daga saman inji galibi saitin bawul ne, aikin minti ashirin. Ƙarar kaca-kaca daga gefe taimin cen ne ya saki, gyaransa matsakaici. Amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa in an murɗa totur, daga kiranshaf take da sandar da ke haɗa shi da fistin, kuma wannan sai an raba injin biyu. In ka ji ta, ka yi sallama.

Ka dubi kawunan notocin inji. In sun cinye, ga kuma gam ya bulbulo ta bakin gaskit, an taɓa buɗe shi. Buɗe inji ba aibi ba ne in an faɗa maka, har ma yakan zama alheri in aikin ya yi kyau. Tambayar ita ce fistin ɗin da ke ciki sitanda ne ko an yi borin, wato an faɗaɗa ramin bulok an sa mafi girma. Ana hawa ne daga ƙarin milimita 0.25 zuwa 0.50, 0.75, har 1.00. Wanda ya kai ƙarshe, gyara na gaba sabon bulok ne. A sikuta mai bel ka ƙara da abu biyu: a buɗe akwatin bel ka ga ko ya tsattsage ko ya sirance, ka kuma tabbatar robar da ta lulluɓe injin da fankarta suna nan. Wasu kanikawa kan cire ta su yar, alhali ita ke kai wa injin iska. A zafin Afrilu da Mayu na Katsina, lokacin da ake haura digiri 40, sikutar da ba ta da wannan roba ba ta daɗewa.

Abin da robobi ke ɓoyewa

Kada ka kula da mitar kilomita, yawancinsu wayar ta daɗe da tsinkewa. Shekarun mashin a wasu wurare suke: robar matakin ƙafa, bakin kik, ramin makulli da ya yi sako-sako. Wanda aka yi kabu-kabu da shi za ka ga matakan fasinja sun side, kariyar baya ta lanƙwashe ko an yi mata walda, shokazoban baya sun kwanta, wani lokaci da ragowar fentin lambar ƙungiya. Dillali zai ce maka, “Yallaɓai, hannu ɗaya ne, wani dattijo ne daga gida sai masallaci.” Ka saurare shi da mutunci, sannan ka sunkuya ka dubi matakan baya.

Ka sa a cire robobin gaba da na tsakiya. Walda a wuyan firam ko a ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa alamar mummunan haɗari ce, kuma firam ɗin da ya taɓa karyewa ba abin ɗora rai ba ne. Ka tsaya daga baya wani ya tuƙa a miƙe, ka ga ko tayar gaba da ta baya layi ɗaya suke bi. A kafa shi a kan jaki, a juya kan hagu da dama: in yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Ka kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe. Ka dubi haƙoran faifan sarƙa, in sun yi tsini sun karkata, su da sarƙar duk na canzawa ne. Ka haska cikin tanki don tsatsa, domin ita ce ke toshe kafireta kullum. Wayoyin wuta in duk ɗaure-ɗauren salatif ne, ka shirya wa wahalar damina. Bakanike mai mita zai gwada caji: batir ya nuna ƙarfin wuta wajen volt 12.5 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. A gefen taya kuma akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko zanenta bai cinye ba ta bushe.

Daga nan sai hawa, kuma zagaye ɗaya a bakin rumfa ba gwaji ba ne. Ka goya bakaniken ku yi kamar minti ashirin, ku bi ta gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ko wani wuri mai hawa. In injin na kuka amma gudun ba ya ƙaruwa, kuloci na santsi. In giya na fita da kanta, aikin cikin inji ne. Ka gwada birkin gaba da na baya dabam-dabam. Da kun dawo a kashe shi a sake tayarwa da zafinsa, a bar shi a silo, sannan a leƙa ƙasa a ga ko mai na ɗiga.

Ciniki, dillali da sharaɗi

Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa ce, kuma nagari yakan tsaya maka in magana ta taso daga baya. Amma la'adarsa tana fitowa ne in an yi ciniki, don haka a yanke nawa ce da wanda zai biya tun kafin a fara. Mafi kyawun mashin na hannu sau da yawa ba ya kaiwa rumfa: na abokin aiki ne da aka yi wa canjin wuri, ko maƙwabcin da ka san yadda yake riƙe da shi. A fara tambaya a nan.

Duk abin da bakanike ya gano a rubuta shi da kuɗin gyaransa, da wannan takardar ake neman ragi. A shari'ar Musulunci mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa, kuma ya halatta a yi ciniki da sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki. To a rubuta shi a takardar ciniki: kwana uku, in inji ya nuna abin da ba a faɗa ba, a dawo da kuɗi. Mai sayarwar da ya yarda da mashin ɗinsa ba ya jin tsoron wannan. Araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa sosai yakan nuna ɗayan biyu: ko injin ya mutu, ko mashin ɗin ba na mai sayarwa ba ne.

Masu cewa gara a ɗauki sabo a riƙa biya kaɗan-kaɗan ta ƙungiyar ma'aikata suna da hujja mai ƙarfi: shekara biyu na farko kusan ba gyara, ba kuma fargabar takardu. Abin dubawa shi ne jimillar da za a biya a ƙarshe, da abin da zai rage a albashi bayan cirewa. In ragowar ba za ta riƙe gida ba, na hannu mai lafiya ya fi.

Makon farko, da wanda bai kamata ya saya ba

Ranar da ka karɓa ka yi juye, ko an rantse maka jiya aka yi, da mai 20W-50 na kirki daga shagon da ka yarda da shi. A wanke kafireta, a canza filogi, a wanke ko a canza matatar iska, kuma da hunturu a riƙa duba ta duk mako biyu. A saita sarƙa ta riƙa motsi kamar santimita biyu zuwa uku. A sikuta a canza man giyar baya, ɗan kaɗan ne, amma an fi mantawa da shi. Ka canza makulli, domin ba ka san hannu nawa ke riƙe da irinsa ba, ka ƙara da kwaɗo a taya da ɓoyayyen makunni. Ƙofar masallaci da bakin kasuwa da harabar asibiti wurare ne da ake barin mashin a ce “yanzu zan fito.” Ka rage shan man 'yan bumburutu. Hular kwano kuma, wadda hukumar kiyaye haɗura ta fara tilasta sawa tun 1 ga Janairu, 2009, ka sa ta cikin kuɗin saye. Mai fita kullum a lokacin cunkoson safe ya fi kowa buƙatarta.

Akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce. Wanda ke zaune a Daura yana aiki a Katsina, tafiyar kusan kilomita 80 ta Mashi, kada ya ɗora wa ƙaramin injin 110cc wannan hanya kullum, motar haya ta fi masa aminci. Wanda aikinsa na dare ne ko hanyarsa ta ratsa ƙananan hukumomin da ke fama da matsalar tsaro, ya fara tambayar dokar hawa mashin da ke aiki a yankin a yanzu, domin an sha taƙaita lokutan zirga-zirga. Wanda kuma bai iya tuƙi ba, ya koya a fili da mashin ɗin wani na tsawon makonni kafin ya shiga shataletale da ƙarfe takwas na safe.